Daga Madubin Likita Zuwa Kirisfa: Tarihin Gano Cuta a Kwarin Haɗejiya

Wannan makon alƙalami ya faɗo kaina, kuma tarihi zan kawo. Sai dai ba na Sarki Buhari da Gamon Gafur ba ne, ba kuma na ranar da Turawa suka shigo Haɗejiya a 1906 har Sarki Muhammadu Mai Shahada ya kwanta dama ba. Tarihin wata tambaya ce da kowane gida a kwarinmu ya taɓa yi a bakin gadon majinyaci: wai me ke damunsa?

Muna 'yan shekara goma zuwa sha biyu, duk hutun makaranta a ƙauyen kakanninmu nake yi, gefen fadama. Aikinmu wanka a gulbi da kamun tarwaɗa da korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Wata rana wani ɗan baffana ya kira ni bayan gida ya nuna mini fitsarinsa, ƙarshensa ja wur. Ba tsoro ya ji ba, alfahari yake yi, domin manyan yaran unguwa sun ce masa alamar ya fara zama namiji ce. Shekara uku yana haka. Sai da ya rame, mara ta dame shi, aka kai shi asibiti, aka duba fitsarin a madubin likita aka ce tsargiya ce. Ƙwayoyin magani kaɗan aka ba shi ya warke. Shekara uku na wahala, maganinta bai kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba. Abin da ya yi tsada shi ne sanin sunan ciwon.

Tsargiya tsohuwar cuta ce ƙwarai. A 1910 wani masani mai suna Marc Armand Ruffer ya sami ƙwayayen tsutsarta a ƙodar gawarwakin Misirawan dā waɗanda aka busar fiye da shekara 3000 da suka wuce. Duk tsawon wannan zamani mutanen da ke zaune a bakin ruwa suna ganin jini a fitsari, kowace al'umma da fassarar da take yi masa. A ƙasar Hausa mai magani da wanzami da ungozoma suna gane ciwo ne da ido da hannu da tambaya: launin ido, zafin jiki, yanayin fitsari, lokacin da abin ya fara. Sun san abubuwa da yawa, har sun bai wa cututtuka sunaye irin su shawara da sanƙarau da agana da tsargiyar kanta. Iyakarsu ita ce iyakar idon ɗan Adam, ga shi kuwa abin da ke kawo ciwon ya fi ƙarfin ido. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

A 1851 wani matashin likita Bajamushe, Theodor Bilharz, yana aiki a asibitin Kasr al-Aini a Alƙahira, ya ga tsutsar a jijiyoyin jinin wata gawa. Daga sunansa aka samo sunan da Turawa ke kiran cutar, bilharziya. Sai a 1915 Robert Leiper, shi ma a Masar, ya tabbatar da yadda take zagayawa. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ke nan ba shan ruwan kaɗai ba ne, tsayuwa a cikinsa ma ta isa. A tsakanin waɗannan shekaru, a 1880, Alphonse Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin wani soja a Aljeriya, kuma a 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. Madubin likita ya zama sarkin gano cuta.

Wannan madubi ya iso yankinmu a zamanin Turawa. A shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sansanin binciken ƙudan tsando a ƙasar Katagum, maƙwabciyarmu, a Sherifuri sannan a Gadau. A shekarun 1930 aka riƙa fita gari-gari a Arewa ana tara jama'a, a shafa wuyan mutum, in an ji kaluluwa a tsikare ta da allura, a duba ruwan a madubi ana neman ƙwayar ciwon barci. An ceci rayuka ta wannan hanya. Amma an yi ta ne da umarnin hakimi da dagaci, ba da shawarar wanda ake tsikara ba, kuma wannan ya bar wani abu a zukatan mutane wanda zan dawo kansa.

Sai kuma ruwan kansa ya canza. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Kafin su, kogin Haɗejiya yakan cika da damina ya malala fadamu, da rani ya ja baya har wasu rassansa su bushe. Bayan madatsun sai ruwa ya riƙa gudana kusan duk shekara. Noman rani ya bunƙasa, shinkafa da alkama suka wadata, har aka kai ga aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke Auyo wanda aka ƙaddamar a Janairun 2023. Amma ruwan da ba ya ƙafewa ya bai wa kacalla dama ta mamaye hanyoyin ruwa daga Kirikasamma da Guri har Nguru. Ruwa mai kwanciya da ciyawa kuwa shi ne gidan katantanwar tsargiya, shi ne kuma gidan sauro. Ba mu kaɗai ba ne. A Senegal, bayan kammala madatsar Diama a 1986, tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll cikin 'yan shekaru. A yau Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da wannan cuta.

To ina matsalar madubi? Yana buƙatar wuta ko hasken rana mai kyau, da ma'aikaci ƙwararre, da haƙuri. Ga tsargiya, ana so a karɓi fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita, a tace mililita 10, a ƙirga. In tsutsar ba ta da yawa a jiki, ana iya dubawa a rasa komai, a ce wa mutum lafiyarsa lau, alhali tana nan tana cin mafitsara a hankali. Tsargiyar da ta daɗe tana iya lalata mafitsara da ƙoda, tana iya kai wa ga sankarar mafitsara, ga mata kuma tana taɓa al'aura da mahaifa har a ɗauka wani ciwon ne daban. Haka nan ɗan katakon gwajin zazzaɓi da ake ɗiga wa jini a kemis: wani sinadari yake nema wanda ƙwayar cutar ke fitarwa, kuma an sami ƙwayoyin da suka daina fitar da shi, har ƙasar Eritiriya ta canza irin gwajin da take amfani da shi a 2016. Shi ya sa masana suka ce a daina neman sawun ɓarawo, a nemi ɓarawon da kansa.

Ga yadda abin yake. Kowace halitta tana ɗauke da rubutaccen bayaninta a cikin ƙwayoyin jikinta, wanda ake kira DNA, wannan da muke ji ana cewa a je a yi gwajinsa in an yi musun ɗa. An gano siffarsa a 1953. Rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, amma jerin haruffan tsutsar tsargiya daban yake da na mutum, daban da na ƙwayar zazzaɓi. Wasu ƙwayoyin bairos, kamar na Lassa da korona, suna amfani da ɗan uwansa da ake kira RNA. In ka iya karanta layi ɗaya na wannan rubutu a cikin fitsari ko jini, ka kama mai laifi da sunansa. A 1983 Kary Mullis ya ƙirƙiro hanyar PCR, wadda ke kwafe ɗan guntun DNA sau miliyoyi har ya yi yawan da za a gane shi. Gwaji ne mai kaifi, amma yana son na'ura mai tsada da ke ɗumamawa tana sanyayawa, da wuta tsayayya, da firij. Wanda ya san halin wutarmu ya san inda zancen ya tsaya.

Nan CRISPR ta shigo, wadda zan riƙa rubutawa Kirisfa yadda ake furta ta. A 1987 Yoshizumi Ishino da abokan aikinsa a Jami'ar Osaka ta Japan suka ga wani jerin haruffa mai maimaita kansa a DNA ɗin wata bakteriya, ba su gane amfaninsa ba. A farkon shekarun 1990 wani ɗalibi a Sifen, Francisco Mojica, ya ga irinsa a wasu ƙananan halittu da ke rayuwa a fadamar gishiri kusa da Alicante. Ya shafe fiye da shekara goma yana bin abin, har a 2005 ya bayyana cewa guntayen da ke tsakanin maimaicin an yanko su ne daga jikin bairos. A 2007 masu bincike na kamfanin Danisco, waɗanda damuwarsu ita ce kada bairos ya kashe bakteriyar da suke haɗa kindirmo da cuku da ita, suka tabbatar da haka a gwaji. Ashe bakteriya ma tana ajiye tarihi. Duk maharin da ya taɓa kawo mata farmaki ta tsira, sai ta yanki ɗan guntunsa ta adana, ta gadar wa 'ya'yanta. In ya dawo, ta ɗauko wannan guntu ta miƙa wa wani sinadari mai aiki kamar almakashi, ya nemo maharin ya datse shi.

A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna cewa mutum zai iya rubuta wa almakashin nan, mai suna Cas9, adireshin da ya ga dama, ya je ya yanka daidai wurin. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2020. Daga nan aka shiga gyaran ƙwayoyin halitta, har a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin sikila na farko da aka yi da Kirisfa. Amma a lura, gyara daban, ganowa daban. Abin da nake magana a kai ba ya taɓa jikin mutum ko halittarsa. A cikin kwalba ake yinsa, a kan fitsari ko jini ko majinar da aka riga aka ɗiba.

Sirrinsa wani hali ne da aka gani a wasu 'yan uwan Cas9, wato Cas12 da Cas13. Ku ɗauka karen farauta ne aka shinshina masa tsumman abin da ake nema. Muddin bai ji ƙanshin ba, yana kwance shiru. Da ya ji, ba abin kaɗai zai cafka ba, sai ya haukace ya hau yagar duk abin da ke kusa. Sai masana suka zuba masa wasu 'yan zarurruka waɗanda in an tsinka su suke ba da haske, ko su sa layi ya fito a jikin 'yar takarda irin ta gwajin ciki. Layi ya fito, ƙwayar cutar tana nan. Kafin a saki karen, ana ɗan ninka DNA ɗin da wata hanya da ke aiki a zafi ɗaya, kusan zafin jikin mutum, ba sai da babbar na'urar PCR ba. Ana kuma iya busar da sinadaran su zama gari, yadda za su yi tafiya ba firij.

A 2017 ɗakin binciken Feng Zhang a Cibiyar Broad ta Amurka, tare da James Collins, suka fitar da wannan hanya da sunan SHERLOCK. A 2018 ɗakin Doudna ya fitar da tasa mai suna DETECTR. A 2020 masana a Indiya suka yi tasu don korona suka kira ta FELUDA. Ku dubi sunayen nan da kyau, 'yan uwa. Sherlock Holmes ɗan binciken ƙirƙira ne na Arthur Conan Doyle, wanda shi kansa likita ne. Feluda kuma ɗan bincike ne a labaran Satyajit Ray da harshen Bangali. Da masana kimiyya suka tashi raɗa wa aikinsu suna, wurin marubutansu suka koma.

Nijeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. An fara gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. A Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun akwai cibiyar ACEGID ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, wadda ta taimaka wajen tabbatar da Ebola lokacin da ta shigo Legas a Yulin 2014, kuma a Maris 2020 ta karanta cikakken rubutun ƙwayar korona karo na farko a Afirka. A shekarar 2020 ɗin, wannan cibiya tare da ɗakin binciken Pardis Sabeti na Cibiyar Broad da abokan aiki a Saliyo da Kongo suka wallafa gwajin SHERLOCK na Lassa da Ebola, wanda aka jarraba da samfurin majinyata na gaske, har da manhajar waya da ke karanta layin takardar. Wata tawaga a Amurka ta yi na zazzaɓin cizon sauro wanda ke bambanta ire-iren ƙwayar guda huɗu. A 2023 kuma masu bincike a Landan suka wallafa gwajin Kirisfa na tsargiyar fitsari, irin wadda ta kama ɗan baffana.

Yanzu mu tuna watannin Afrilu da Mayu na 2020. Lokacin da korona ta shigo, ɗakunan da ke iya gwada ta 'yan kaɗan ne, a Legas da Abuja da Edo da Osun. Kano ta sami mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, sai ga makabartu sun cika, ga ɗakin gwajin da ke birnin ya tsaya na wasu kwanaki. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da korona. Ta yaya aka kai ga wannan ƙiyasi? Ta hanyar zuwa gidajen makoki ana tambayar iyalai yadda mamacin ya yi jinya. A farkon Mayu irin wannan labari ya fito daga Haɗejiya, dattawa suna ta rasuwa, har gwamnatin Jigawa ta tura kwamiti ya bincika. Mun yi ta gardama a majalisu: wannan ya ce zafi ne da azumi, wancan ya ce zazzaɓi ne, wani ya ce korona ce ake ɓoyewa. A wannan watan na Mayu ne hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin gaggawa ga gwajin korona na SHERLOCK, karo na farko da ta amince da wani abu da aka yi da Kirisfa. Wata ɗaya, duniya ɗaya, amma mu a nan da ido da tambaya muke gano cuta, kamar kakanninmu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Kada kuma in yi muku daɗin baki. Mafi yawan gwaje-gwajen Kirisfa har yanzu suna matakin bincike, ba su zama kayan aikin yau da kullum a asibitoci ba. Kaifinsu ma kan zama matsala, domin ɗan gurɓacewa kaɗan a wurin aiki zai iya sa layi ya fito ga wanda ba shi da ciwon. Sannan karen nan abin da aka shinshina masa kaɗai yake nema. Ciwon ƙoda da ya addabi Haɗejiya da Gashuwa, wanda masana ke ta binciken musabbabinsa, in har akwai hannun wani sinadari na ruwa ko na gona a ciki, ba gwajin DNA ne zai nuna shi ba. Kuma ko an gano tsargiya an sha maganin furazikwantel, yaron da ya koma gulbi gobe zai sake ɗauka, sai in an sami famfo da masai.

Akwai kuma maganar yarda. Mutanenmu ba su manta da 1996 ba, shekarar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, abin da ya jawo shari'a ta shekaru. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Duk ranar da sabon gwaji ya iso Auyo ko Kafin Hausa ko Guri, tambayoyin da za a yi halattattu ne: ina za a kai jinina, wa zai ajiye shi, me za a yi da shi bayan an gama? Wanda zai amsa su dole ya amsa da Hausa, Hausar da tsohuwa za ta gane.

Nan aikinmu yake. Ku duba littattafanmu: jaruma ta yanke jiki ta faɗi, likita ya fito ya cire tabarau ya ce hawan jini ne ko ciwon zuciya, shi ke nan. Kamar ba mu da wani ciwo sai waɗannan biyu. Ina labarin yaron da ke alfahari da jinin fitsarinsa? Ina labarin amaryar da ake zargi a gidan miji saboda tsargiyar da ta ɗauko tun tana wanki a gulbi? Ina ma'aikaciyar ɗakin gwaji da ke tseren ƙirga ƙwai kafin a ɗauke wuta? In za ku rubuta irin wannan, ku je ku zauna da ma'aikacin lafiya ku tambaye shi, ku ga madubin da idonku, ku tabbatar da kowace shekara da kowane adadi kafin ku sa a takarda. Mai karatu yana iya yanke shawarar zuwa asibiti ko ƙin zuwa saboda abin da ya karanta a littafinka, kuma wannan amana ce.

Ɗan baffan nawa yanzu magidanci ne, yana noman shinkafa a fadamar nan dai. Da na je gaishe su bara, na ga babban ɗansa ya dawo daga gulbi jiƙe sharkaf, riƙe da tarwaɗa biyu. Uban ya kira shi gefe ya tambaye shi launin fitsarinsa. Babu wanda ya yi masa wannan tambaya yana yaro.

Inda na yi kuskure, malamai da ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu su gyara mini. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.